Tsohon Gem a Gidan Apollos

Wata biyar ke nan Malam Bobboyi yana zuwa unguwar Ajiya kowace Asabar, kuma babu Asabar ɗin da ya koma gida da sanyin zuciya. Yakan fito daga gidansa da ke cikin garin Yola bayan karin kumallo, ya hau keke napep zuwa Jimeta, ya sauka a bakin layin da ke da darbejiya biyu, ya ƙwanƙwasa ƙaramin get ɗin gidan Apollos. Fibi, matar gidan, ta buɗe masa su gaisa, ta ce, "Shiga, Baban Usaid, tun ɗazu yake kallon ƙofa." Sai ya shiga ya zauna. Daga nan wahalar take farawa.

Shekara ashirin da shida suka yi tare a ma'aikatar ayyuka, Apollos safiyo, Bobboyi direban motar da ke kai shi wurin awo. Babu hanyar da ba su ci ƙurarta ba: Ganye, Mubi, Toungo, har Numan garin su Apollos. A duk tafiye-tafiyen nan Apollos ne mai magana. Ya taɓo siyasa, ya koma ƙwallo, ya gangara kan tsadar taki, ya hau kan wa'azin faston da bai yi masa daɗi ba. Shi kuwa Bobboyi idonsa na kan hanya, abin da yake sakawa bai wuce "To," da "Ikon Allah," da "Kai, soobajo," wato aboki da Fulatanci. Rabon aiki ne da ya yi wa kowannensu daidai, kuma ko da suka yi ritaya bai canza ba.

Sai wata safiya Apollos yana watsa wa kaji dawa a bayan gida, kwanon ya suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi kwanon. Hawan jini ne, in ji likitoci. Ya tashi da shanyewar ɓarin jiki na dama. Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Hannun bai dawo ba. Magana kuwa, wadda ita ce dukiyarsa, ta koma sai kalma ɗaya ɗaya, ita ma sai ta ga dama.

Bobboyi yakan ja kujerar roba ya zauna kusa da shi, ya ce, "Yaya ƙarfin jiki?" Apollos ya ɗaga hannun hagu. Bobboyi ya ce, "Zafin bana ya yi yawa." Apollos ya gyaɗa kai. Shi ke nan, guzurin da ya zo da shi ya ƙare. Sai ƙarar fanka, sai talabijin ɗin bango yana zuba labaran da babu mai saurare. Wani lokaci Apollos yakan yunƙura zai faɗi wani abu, bakin ya karkace, jijiyar wuya ta miƙe, kalmar ta maƙale a hanya. A irin wannan lokacin Bobboyi yakan sunkuyar da kai kamar wanda ya shigo wa babba ɗaki ba sallama. Awa ɗaya yake yi, yana satar kallon agogo, yana jin haushin kansa da yake satar kallon.

Wata Asabar cikin watan Maris bai je ba. Ya ce wa matarsa Hajja mura ce take damunsa.

Hajja ta ajiye tsintsiya ta dube shi. "Mura, a wannan zafin da ƙadangare ma inuwa yake nema? Malam, in ba za ka je ba, ka ce ba za ka je ba."

Ya yi ta murza hularsa. Can ya ce, "Ban san abin da zan ce masa ba, Hajja. Shi ne mai faɗa. Ni ji kawai na iya."

Ba ta ƙara masa nauyi ba. Ta ce, "To, tunda kana gida, zo ka taya ni fitar da kayan ɗakin Usaid. Gara ta shiga, ta fara cin littattafai."

Usaid shi ne babban ɗansu, ya daɗe da komawa Gombe da aiki, ɗakinsa ya zama ma'ajiyar duk abin da aka rasa inda za a kai. A ƙarƙashin gado, bayan wata tsohuwar fitilar ƙwai, Bobboyi ya jawo kwalin sabulu da aka ɗaure da igiyar roba. Da ya buɗe sai ya zauna a ƙasa, a nan inda yake. Na'urar gem ce, mai launin toka, da hannayenta biyu da ake riƙewa a danna, da wayoyi a cukurkuɗe, da faifai ɗaya a cikin leda.

Apollos ne ya sayo ta a shekarar dubu biyu da ya je kwas Legas. Ya ce na yara ne. A lokacin 'yarsa Debbie tana da shekara huɗu, ƙaninta Othniel kuwa rarrafe yake yi. Asabar ɗin farko asiri ya tonu. Manya biyu suka baje a kan tabarma a gaban ƙaramin talabijin mai ƙaton ƙeya, suka sa faifan ƙwallo, ba su tashi ba sai da aka kira la'asar. Haka suka yi kusan shekara bakwai. Apollos yana bugawa yana sharhi da Hausa da Turanci da Bachama, yana zargin alƙalin wasa, yana zargin wayar hannunsa. Bobboyi ba ya cewa komai, sai dai ya ci shi. Daga baya da yara suka girma aka ba Usaid gem ɗin, manyan kuma suka ga kamar sun wuce wurin.

Ya goge ƙurar da gefen rigarsa. Bayan azahar ya fito da kwalin a hammata.

"Murar ta warke ke nan?" in ji Hajja.

"Ta yi sauƙi," ya ce, bai juyo ba.

Da Apollos ya ga abin da aka fito da shi daga kwalin, sai ya miƙe zaune a kujerarsa, irin miƙewar da Fibi ta ce rabon da ta gani tun kafin ciwon. Leɓensa ya yi ta rawa, sannan ya ce, "Ƙwa… ƙwallo."

"Ƙwallo, soobajo," in ji Bobboyi. "Yau za ka sha kashi."

Ya warware wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Ya san aikinta kamar yadda ya san giyar mota: rawaya ta hoto, sauran biyun na sauti, kowane kai da raminsa mai launinsa. Ya nufi talabijin. Sabo ne, faffaɗa, siriri kamar allo, Debbie ce ta aiko da shi daga Abuja aka kafe a bango don mahaifinta ya riƙa rage zaman kaɗaici. Bobboyi ya zura hannu ta baya yana laluben ramukan nan uku masu zagaye. Bai ji su ba. Ya kunna tocilan ɗin wayarsa, ya manna kunci da bango yana leƙe. Wasu 'yan tsagogi ne kawai a jere, miƙaƙƙu, babu rawaya, babu ja. Ya duba ƙasa, ya duba ɗaya gefen. Har ya gwada tura kan rawayar a ramin eriya, ya ƙi shiga.

"Wannan sabon yayi ne, Baban Usaid," in ji Fibi a hankali. "Tsohon kuma mun ba 'yan'uwa a Numan tun tuni."

Bobboyi ya juyo da wayar a hannu. Sai a lokacin ya lura Apollos ya riga ya buɗe tafin hannunsa na hagu a kan gwiwa, yana jiran a miƙo masa hannun gem. Yana kallo yatsun suka naɗe a hankali. Wannan ya fi masa duk shirun wata biyar ciwo, domin shi ya kawo murnar da hannunsa, shi kuma ya ɗauke ta.

"A bar kayan a nan," ya ce wa Fibi a bakin get. "Kada a mayar da su kwali."

Ranar Litinin da hantsi yana cikin kasuwar Jimeta, a layin masu kayan lantarki, da wayar mai kai uku a aljihu. A shagon farko da ya nuna ta, mai shagon ya miƙo masa wani ɗan akwati baƙi, bai kai kwalin ashana biyu ba, da ramuka uku masu launi a gefe ɗaya, da tsaga a ɗaya gefen. Ya haɗa masa da wata wayar mai faffaɗan kai. "Konbata ke nan, Baba, mai haɗa tsohon kaya da sabo. Shi kake nema. Ka haɗa kawai."

Bai jira Asabar ba. Talata ya koma Ajiya. Ya haɗa rawaya da rawaya, fari da fari, ja da ja, ya tura faffaɗan kan a tsagar talabijin, ya shiga daidai kamar don shi aka yi ta. Ya kunna. Allon ya yi shuɗi, wani ɗan rubutu yana yawo a kai yana cewa babu sigina. Ya zare ya mayar. Ya hura ramukan da baki. Ya sauya fari da ja ko da a ce shi ne ya ruɗe. Gumi ya jiƙa masa bayan riga. Rubutun nan bai fasa yawonsa ba.

Sai ya ji ana bubbuga hannun kujera. Apollos ne, yana nuna kwalin da akwatin ya zo a ciki. Fibi ta miƙa masa, ta sa masa tabarau. Ya daɗe yana duba bayan kwalin, yana matso da shi yana nesantawa. Sannan ya yi alamar rubutu a iska. Aka kawo biro da takardar magani, Fibi ta danne masa gefen takardar.

Da hannun hagu ya yi zanen, hannun da bai taɓa rubutu da shi ba. Layukan suna karkarwa, amma safiyo ko ya tsufa safiyo ne. Ya zana gem, ya zana talabijin, ya ja kibiya daga gem ɗin zuwa talabijin. Sannan ya ɗora yatsa a kan hoton da ke bayan kwalin. Can ma akwai kibiya, amma ta juya baya: daga sabuwar tsaga take fita zuwa tsofaffin ramuka.

Bobboyi ya kalli takarda, ya kalli kwali, ya sake kallon takarda.

"Wan-we ce!" ya ce da ƙarfi. "Hanya ɗaya ce, mu kuma mun shigo ta baya! Wannan na mai sabuwar na'ura ne da tsohon talabijin. Mu namu akasin haka ne."

Apollos ya daki hannun kujera, ya saki wata dariya da rabin baki, har tari ya sarƙe shi Fibi ta kawo ruwa. Bobboyi ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. A cikin keke, a hanyar komawa Yola, ya fito da ita ya sake dubawa. Sai a lokacin ya gane yau sun yi hira, shi da Apollos, hira ta sosai mai tambaya da amsa, kuma bai kalli agogo ba ko sau ɗaya.

Mai shagon ya karɓi kayansa ba gardama, amma ba shi da ɗaya irin. Ya kwatanta masa rumfar wani mai gyara, Jalo, a can ƙarshen layi. Jalo dattijo ne mai furfura a gemu, zaune a tsakiyar gawarwakin rediyo da talabijin, da ƙarfen narka dalma a hannu. Suka gaisa da Fulatanci, suka tambayi gida da zafi. Bobboyi ya shimfiɗa masa zanen Apollos a kan tebur, ya ajiye gem ɗin a gefe, don wannan karon ya zo da shi.

Jalo ya dubi zanen ya yi murmushi. "Wanda ya yi wannan ya gane matsalar. Tsohon gem da sabon talabijin yarensu ba ɗaya ba ne, sai da tafinta a tsakani. Kai kuma tafintan da aka ba ka ɗaya yaren kawai yake juyawa." Ya jawo aljihun tebur ya yi ta tono, ya fito da wani akwatin, fari, kusan kamar na farko. "Ga naka. Na jikoki ne gem ɗin?"

"A'a," in ji Bobboyi. "Namu ne." Sannan ya ba shi labarin a taƙaice.

Jalo ya ture rediyon da yake gyarawa gefe, ya buɗe murfin gem ɗin, ya jiƙa auduga da sifirit ya share ɗan idon gilashin da ke karanta faifai. Ya goge faifan da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki. Da ya ɗauko waya zai gwada a talabijin ɗin rumfarsa, sai Bobboyi ya miƙe.

"Bari in fita. Ba na so in riga shi gani."

Ya tsaya a waje cikin rana da ƙarar janareto, ya ba rumfar baya, har Jalo ya leƙo ya ce, "Ya tashi, Malam. Lafiyarsa ƙalau."

Abu uku Jalo ya ce ya riƙe. Akwatin yana cin wuta, sai an sa 'yar gajeriyar wayarsa a wata ƙaramar tsaga a bayan talabijin, in jar fitila ta kama to ya samu. Sannan a ɗauki rimot a gaya wa talabijin ƙofar da zai saurara, don ba ya ganewa da kansa. Na uku, in hoton ya baje, ko aka ga ana dannawa ɗan wasa yana jinkiri, akwai wurin gyarawa a cikin saitin. Bobboyi ya rubuta duka da ajami a bayan zanen Apollos.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Jalo. "In ya ƙi, ka kira ni, zan zo har gidan."

Ranar Alhamis da safe aka yi sa'a akwai wuta. Fibi ta sa wa Apollos riga mai tsabta kamar za a yi baƙi. Bobboyi ya sa tabarau, ya buɗe takardarsa a kan tebur, ya bi ta layi layi yana karantawa a fili. Rawaya, fari, ja. Faffaɗar waya a tsaga ta biyu. Gajeriyar waya a ƙaramar tsaga. Jar fitila ta kama, ƙanƙanuwa kamar idon ɓera. Ya miƙa wa Fibi rimot, don ita ce mai Turancin karanta abin da ke fitowa. Ta danna, ta zaɓi ƙofa ta biyu. Allon ya yi baƙi ƙirin.

Bobboyi ya ce bismillah, ya danna maɓallin gem ɗin.

Sautin ne ya fara zuwa, wani dogon amo mai tashi a hankali kamar an buga ƙararrawa a cikin rijiya. Shekara goma sha bakwai rabon da ya ji shi, amma sai da tsigar jikinsa ta tashi. Sannan haske, sannan koren fili, sannan ihun 'yan kallo ya cika falon.

"Yesu!" in ji Fibi, ta dafe ƙirji. "Ya kawo!"

Sai dai 'yan wasan duk sun zama gajeru masu faɗi kamar tuluna, ƙwallon ma ta koma kamar ƙwai. Fibi ta shiga saitin, Bobboyi yana karanto mata ajaminsa tana nemo Turancinsa, har hoton ya tattaru a tsakiya, baƙi ya rage a dama da hagu. Yanzu 'yan wasan sun miƙe. Amma babban allo ba ya rufa asiri: fuskokinsu murabba'i ne, hannayensu kamar an sassaƙa da gatari.

"Ashe haka suke da muni?" in ji Bobboyi. "Da can mun ɗauka mutane ne sak."

Apollos yana ta dariya, hawaye na bin gefen idonsa na hagu. Bobboyi ya ɗora masa hannun gem ɗaya a cinya, ya ɗauki ɗayan, ya koma kujerarsa ta roba.

A nan ne abin da bai yi tunaninsa ba ya fito. Duk kwanakin nan hankalinsa yana kan waya da rami, bai taɓa tsayawa ya tuna cewa abin nan hannu biyu yake so ba. Hagu ke tafiyar da ɗan wasa, dama ke ba da ƙwallo da bugawa. Apollos ya kama ɓarin hagu, babban yatsansa ya sami wurinsa nan take, ɗan wasansa ya ruga da ƙwallo. Sai ya kai gaban raga ya ci gaba da gudu har ya fice daga fili. Apollos ya sa hannun hagu ya ɗago na dama ya ɗora a kan maɓallan. Yatsun suka kwanta a wurin kamar ba nasa ba. Ya sake gwadawa, hannun gem ɗin ya zame ya faɗi ƙasa.

'Yan kallon cikin talabijin kawai ke ta ihunsu. Apollos ya juya fuska wajen taga. Fibi ta shige kicin da sauri.

Bobboyi ya daɗe yana kallon abin da ya faɗi. Sannan ya ajiye nasa a kan tebur, ya tashi ya ja kujerarsa ya kai ta dama da Apollos, ya matse har kafaɗunsu suka haɗu. Ya ɗaga shanyayyen hannun nan a hankali, karo na farko da ya taɓa shi tun da ciwon ya zo, ya ji shi da ɗumi da nauyi, ya kwantar da shi a kan tasa gwiwar. Ya ɗauko hannun gem daga ƙasa ya riƙe ɓarin dama.

"Kama can," ya ce. "Kai ka tuƙa yau, ni ne yaron mota. Mu biyu za mu taru a kan na'urar nan."

Apollos bai juyo nan da nan ba. Da ya juyo, ya kalli Bobboyi, ya kalli ɓarin da aka bar masa. Ya kama.

Wasan farko abin kunya ne. Apollos ya nufi dama, Bobboyi ya ba da ƙwallo hagu. Apollos yana shirin yanke mai tsaron baya, Bobboyi ya riga ya buga sama. Kafin a tafi hutu na'ura ta zura musu uku. Apollos yana gurnani, yana taka ƙafar hagu a ƙasa. Da aka dawo sai gurnanin ya fara zama wani abu.

"Ba!" ya ce. Bobboyi ya ba da ƙwallo.

"Ba shi! Can!"

Bobboyi ya ji, amma bai yarda ya juyo ba, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi daga kan reshe. Kalmomin da suke ƙin fitowa in an zauna ana jiransu, ga su suna fitowa da kansu yanzu da babu mai kallon bakin. Saura minti kaɗan a tashi, ɗan wasansu ya ɓalle shi kaɗai, ya wuce mutum biyu, ya fuskanci mai tsaron gida.

"Buga! Buga!"

Bobboyi ya danna da dukan ƙarfinsa. Ƙwallon ta tashi ta wuce saman raga, ta nufi 'yan kallo.

"Kai, Bobbo!" in ji Apollos, tar, babu ko gargada. "Makaho!"

Bobboyi ya saki maɓallan. Ya so ya yi dariya, abin da ya fito ba dariya ba ce zalla. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. "Na ji," ya ce. "Na ji, soobajo. Laifina ne."

Fibi tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba su san tun yaushe ba. Ta dube su su biyu a matse kamar fasinjojin gaban mota. Sannan ta ajiye ludayin, ta goge hannu a zani, ta zo ta ɗauki ɗaya hannun gem ɗin daga kan tebur, ta zauna a kujerar da ke gefe.

"Na'ura ba ya jin haushi in an ci shi," ta ce. "Ku zo ku buga da mutum."

"Maman Debbie, wannan ba tuƙin tuwo ba ne fa," in ji Bobboyi.

"Sa mana wasan, Baban Usaid."

Minti biyu da farawa ta yanke su ta gefe, ta ɗaga ƙwallo, ɗan wasanta ya sa kai. Kafin su farfaɗo ta ƙara ta biyu daga nesa. Ba ta ko murmushi, ta ɗan karkata kai, yatsunta suna tafiya kamar tana tsince shinkafa.

Apollos ya bar kallon talabijin ya koma kallon matarsa. "Ke?" ya ce.

"Ni," in ji Fibi. "Ku tafi Ganye sati biyu, ku tafi Mubi sati uku, ku bar ni da yara biyu da wannan abu a falo. In sun tafi makaranta, na gama aiki, me kuke so in yi? Sai dai kafin ku dawo in naɗe wayan yadda ka bar shi."

"Shekara nawa?" in ji Bobboyi.

"Duk shekarun."

Apollos ya yi ta kallonta, baki a buɗe, kamar yau aka kawo masa ita. Sai ya ɗaga hannun hagu ya dafa kansa, ya yi dariyar da har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. A ranar miyar kuka ta kama a tukunya, haka suka ci ta da ƙauri.

Daga nan Bobboyi ya koma zuwa sau uku a mako. Hannun Apollos na dama bai dawo ba, ban da ɗan motsi a babban yatsa wanda mai gashin ƙashi ta ce a ci gaba da lallaɓawa. Maganar ma ba ta koma kamar da ba, kuma likita bai yi musu alkawarin za ta koma ba. Amma ta ƙaru. Akwai ranakun da gajiya take hana shi wasa, sai su zauna kawai, kuma zaman bai ƙara yi wa Bobboyi nauyi ba.

Fibi kuwa ba su ci ta ba sai cikin watan Agusta, wata Talata ana yayyafi, ɗaya da nema, ita ma ta ce santsin gumi ne ya sa yatsanta ya zame. Apollos bai saurari uzurinta ba. Ya nuna wayar salula, ya ce, "Debbie." Fibi ta kira ta, ta ce, "Ga babanki," za ta yi bayani kamar yadda ta saba, ya girgiza kai ya karɓe wayar.

Ya daɗe kafin ya haɗa maganar. "Debbie. Mun ci… mamanki. Ni da Bobbo. Ɗaya." Ya numfasa. "Kina… lafiya?"

Daga can ɓangaren aka ji muryar Debbie tana cewa, "Baba, sake faɗa mini. Wa ya ci ƙwallon?"

Bobboyi ya zare hannun abokinsa daga kan gwiwarsa a hankali ya ɗora masa a kan matashi. An fara kiran azahar a masallacin bayan layi. Ya ɗauki butar da Fibi take ajiye masa a bakin baranda, ya fita cikin yayyafin, ya ja musu ƙofa.